Noti Marar Kati

Mahaifina bai taɓa hawa jirgi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a siton kayan gyaran jiragen soja masu saukar ungulu, manyan nan da ke ɗaukar mota a rataye, amma ko matakalar jirgin bai taɓa takawa ba. Farar hula ne. A wurin aiki Baba Guduma ake ce masa.

Sunan yana da dalili. Kowane ƙarfe a siton yana da kati ɗaure da waya: inda aka ƙera shi, jirgin da aka taɓa ɗaura wa, da awa nawa ya yi a sama. Idan awanninsa suka cika, ko yana sheƙi kamar sabo, Baba zai kai shi bayan sito ya lanƙwasa shi da guduma, don kada wani ya tsinta ya mayar wa jirgi.

Halin ya biyo shi gida. Dutsen guga da katinsa, fankar falo da katinta. Inna ta ce saura ita a rataya mata. Ya ce, "Ke ai awanninki sun daɗe da cika, tausayi ne ya hana ni." Kwana biyu ba ta kula shi ba.

Ni kuma na je na auro masa makanikin jirgi, irin waɗanda ake tashi da su. Tambaya ɗaya Baba ya yi masa: ko yana ƙirga sifanoninsa bayan ya gama aiki.

Saura wata bakwai Baba ya yi ritaya, ambaliya ta cinye wata gada, hanyar zuwa wani sansanin soja ta yanke. Jirgi ɗaya ne zai iya kai musu tankin ruwa, shi kuwa yana ƙasa, yana jiran babban notin da ke riƙe farfela. Notin ya iso a akwatinsa, a naɗe tsaf, amma babu kati. Mijina yana cikin masu tashi, shi ya ba ni labarin abin da ya faru.

Hafsan da ke kula da gyara ya sauko sito da kansa.

"Baba, sabo ne fil. Ido ba mudu ba, ai ya san ƙima."

"Ya san ƙima, ranka ya daɗe, bai san awa ba."

"Katin zai biyo baya. Sa hannu a fitar da shi."

"In ya iso zan sa."

"Umarni ne. In ka ƙi, ka bar aiki ke nan."

Mijina ya sa baki, ya ce ya duba notin, bai ga aibu ba. Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya rungumi notin ya fita ta ƙofar baya, suka ɗauka goge masa mai zai yi. Sai suka ji guduma.

Kwana huɗu jirgin ya ƙara a ƙasa kafin wani noti ya zo da katinsa. Kwana huɗun nan mutanen sansani da murfin gora suke raba ruwa, kuma Baba ya sani. A makon aka sallame shi, ba taro, ba sannu da aiki. Mijina ya yi wata guda bai taka gidanmu ba. Ni ma na ji haushi ƙwarai, har na rasa da wa nake fushi.

Wata rana da hantsi na sami Baba a tsakar gida yana sabunta katin fanka. Na zauna gefen tabarmarsa.

"Baba, notin nan, da gaske lalatacce ne?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba, ka zubar da aikin shekara talatin?"

Ya gama murɗa wayar tukuna, sannan ya ɗago.

"Ba wanda ya sani, 'yata. Mijinki ne kuma zai zauna a ƙarƙashinsa."