Gora Biyu da Keken Yaya Sani

A gidanmu na Djougou tatsuniya tana da lokacinta kamar darasi, ƙararrawa ce kawai babu. Idan Iya, kakarmu ta wajen uba, ta sauke tukunyar man kaɗanya da almuru, ba ta yarda garwashin ya mutu a banza. Sai ta tura gutsattsarin doya cikin toka, ta miƙe ƙafafu, mu kuma mu kewaye murhun. Ni da yayana Sani ne a gaba kullum. Shi ƙato ne tun yana yaro, ni kuwa ramamme, don haka Iya ta raba mana muƙamai: shi ne maigidanta, ni kuma ta ce a ajiye ni ko za a buƙaci tsinken sakace. Sunan Tsinke ya bi ni har makaranta.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce a shigo da ita.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta matar da mijinta ya faɗa wata busasshiyar rijiya a bayan gari. Mutum ne mai jiki, irin wanda in ya zauna kan turmi sai turmin ya yi ƙara. Babu igiya a garin. In ka tambayi dalili, Iya ta tambaye ka ko tatsuniyar taka ce. Matar ta ɗauki adda ta nufi bakin rafi don ta saro gora ta zura masa ya hawo, sai ta tarar da gora biyu. Siririyar ta ce, "Sare ni, da hannu ɗaya za ki kai ni." Mai kaurin ta ce, "Sare ni, ni ba na karyewa." Matar ta jijjiga mai kaurin, ta ga ko ta sare ta ba za ta iya ɗauka ba. Ta tanƙwara siririyar, ta tuna girman mijinta. Sai ta koma bakin rijiya ta ce masa ya yi haƙuri, tana shawara. Washegari ma haka. A nan Iya ke toshe hanci ta yi muryar mijin daga ƙasa, kullum muryar na ƙara siranta, mu kuwa har birgima muke don dariya. Ranar da matar ta gaji ta saro siririyar, mijin ya riga ya rame, ya hawo gorar ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Sani ya taɓa tambayarta wace gora ce daidai. Iya ta juya doyarta, ta ce, "Maigida, ai da ta ƙara jinkiri, da karan dawa ma ya isa." Daga nan ta ce baƙuwa ta tafi, kowa ya nemi tabarmarsa.

Da na zama malamin lissafi a Parakou, nakan ba ɗalibai labarin in nuna musu cewa in gora ta ƙi canzawa, sai nauyi ya canza. Suna dariya, suna rubutawa.

Sani ya girma ya zama abin da Iya ta hango. Shekara da shekaru yana ɗaure kayan koli a bayan keke daga Djougou zuwa kasuwar Partago, shi da kayan ba a san wanda ya fi nauyi ba. Bara ciwo ya kwantar da shi. Likitoci sun ba ciwon dogon suna da Faransanci. Na iya karanta shi, na iya fassara wa matarsa, iyakar amfanina ke nan. Ya tashi, amma ƙafarsa ta hagu ba ta ɗaguwa ta tsallake sandar keke, tsohon kekensa kuma ya fi ƙarfin turawarsa. Keken mata ya ce ko a mafarki. Babur ɗin haya yana hawa, sai dai ya ce ɗaukarsa ake kamar buhu. Abu ɗaya yake so, ya kai kansa Partago ranar kasuwa da ƙafafunsa.

Na ce zan ƙera masa. Ko kujera ban taɓa ƙerawa ba, amma ina da littattafai, ina da maƙwabci mai walda a Tourou, gefen Parakou, da ya yarda ya ara mini wuri. Na zana gangar keken, na sauko da sandar sama daidai inda ƙafar za ta wuce ba tare da an kira shi keken mata ba. Sai aka zo zaɓen tiyon ƙarfe. Iri biyu na samu a shago. Ɗaya faɗinsa milimita ashirin da biyar, kaurin bangonsa bai kai milimita ɗaya ba, shafal yake a hannu. Ɗayan ashirin da takwas, bangonsa ya kusa ninka na farko, nauyinsa ma haka. Sauke sandar da na yi yana rage wa ganga ƙarfi, don haka ba a kuskure a kauri. Lissafin ba shi da wuya. Lamba ɗaya kawai yake nema, nauyin mahayi.

To wane Sani zan sa? Na yau, wanda agogo ke zamewa daga wuyan hannunsa, siririn ya ishe shi, kuma keken siririn kaɗai zai iya tukawa a hawa. Amma in na sayi siririn, na yarda ke nan wancan Sanin ba zai dawo ba. In na sayi mai kaurin, na ƙera keken mutumin da babu shi a gidan. Na je shagon na dawo, na koma na dawo, har mai shagon ya fara ajiye mini kujera. Duk ƙarshen mako sai in hau mota zuwa Djougou, in ce wa Sani ina shawara kan ƙarfe, in saci kallon wuyan rigarsa.

Zuwana na baya-bayan nan na tarar da shi a zaure, ya jingina da bango. Na gaishe shi, na fara bayanin milimita. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, da wata murya da na sani tun daga bakin murhu, "Tsinke, kar ka bari sai karan dawa ya isa."

Shi ne ya yi dariyar, ita ma ba ta yi nisa ba.

A mota na yi ta juya tatsuniyar. Iya ba ta taɓa cewa matar mai haƙuri ce ba, mu ne muka ɗora mata. Ba ta kuma taɓa cewa mijin ya mayar da jikinsa ba. Mace ce da aka ba zaɓi biyu, kowanne da abin da zai karye, ta tsaya har yunwa ta zaɓar mata. Yanzu nakan yi tunanin ko Iya, da ta binne miji da 'ya'ya, tana jin dariyarmu ne kawai don ta san ba mu gane ba tukuna.

Litinin da safe na je shagon, ban zauna a kujerar ba. Mai shagon ya yanka mini siririn, ya ɗaure da tsumma, ya tambaya ko a kira mai baro. Na ce a'a. Da hannu ɗaya na kai shi Tourou.