Haƙorin da Wanzami Ya Cire Mini

A lokacin shekarata goma sha tara, ina koyon ɗinki a Argungu, kuma ba abin da na tsana irin a tausaya mini. Da ciwon zuciya aka haife ni, irin wanda ke hana jini bi ta huhu yadda ya kamata. Leɓɓana shuɗaye ne, in na ɗan yi tafiya sai na tsuguna na huta. Matan unguwarmu kuwa 'yar ruwa suke ce mini a bayan ido.

Likitan da ke duba ni a Birnin Kebbi ya sha ja mini kunne kada kowa ya taɓa mini haƙori sai a asibiti. Amma na gaji da layin asibiti, na gaji da ganin hankalin Inna a tashe. Da wani haƙori ya dame ni, ranar kasuwa na sulale wurin wanzami ya fizge shi, ban gaya wa kowa ba.

Bayan sati uku ciwon kai ya sa ni gaba, ga amai, ga zazzaɓi. Na yi ta ɓoyewa har ranar da na faɗo daga kan keken ɗinki ina shure-shure. Kawuna ya ce mutanen ruwa ne suka zo karɓar abarsu, a nemo mai maganin iska. Da na farfaɗo, da karkataccen bakina na gaya wa Inna abin da na aikata, na ce ko gawata ce asibiti za a kai. Kawu ya yi fushi ya fita, Inna ta ɗauki mayafinta muka nufi asibiti.

Hoton kai ya nuna mugunya ta taru a ƙwaƙwalwata. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga jinina ta ramin haƙorin, huhun da zai tace ta kuma jinin ya kauce masa. A Sakkwato aka yi mini aiki. Na tashi hannun hagu ba ƙarfi, aka fara cewa ɗinki ya ƙare mini. Shekara guda na yi ina koya wa hannun nan riƙe yadi. Yau shagona nake buɗewa da kaina.

Laifina na ɗauka, taurin kai ne, na kuwa biya. Amma ban yarda wani ya yi mini zaman makoki ina numfashi ba. Masu irin ciwona, kada gudun tausayi ya sa ku ɓoye ciwon kai ko na haƙori. Iyaye kuma, in ɗanku mai shuɗin leɓe ya faɗi yana shure-shure, ku nufi asibiti, mai fushi ya yi ta yi.