Lambun da Na Ce Ruwa Ya Ɓata

Ban taɓa mantawa da ranar da na tara jama'a a kan wautata ba, ni da allona bai wuce izu biyu ba amma nake ji da kaina kamar alƙali.

Lokacin ina tsaron ɗakin amana a gidan wani muɗawwifi, mai saukar da alhazai, a unguwar Misfala a ƙasa mai tsarki, shekarun da motoci suka fara ture raƙuma a hanyar Arfa. Ƙa'idar ita ce, alhaji zai bar kayansa, in ɗaure, in sa alama, ba mai taɓawa sai ya sauko. Wani likita Bamisire ya bar mini abu mai faɗi a naɗe cikin bargo, ya ce in kula da shi kamar idona.

Ranar da za su dawo daga Mina na tarar da gefen bargon a jiƙe. Na kwance. Katako ne da zanen hoto a ciki, amma duk ya caɓe: kore ya hau shuɗi, ja ɗigo-ɗigo kamar kaji sun bi ta kai. Nan take zuciyata ta tafi kan Tanko, mai kawo mana ruwa, don randarsa na jikin bangon. Shekara tara muna cin tuwo kwano ɗaya, amma na tuna ranar bai gaishe ni da kyau ba. Hujja ta cika.

Na kai shi gaban maigida, wanda muke kira Ammi, wato baffa. "Ya Ammi, ga mai ɓarnar."

"Wallahi ban shiga ɗakin ba," in ji Tanko.

Maigida ya ce in ta tabbata, yau Tanko zai ajiye garwarsa.

Likita ya iso, na miƙa masa ina ta salati. Ya shafa, ya yi dariya. "Ya Hajji, lafiyarsa ƙalau. Haka wani Bafaranshe ya zana shi. Ja da baya." Na ja. "Ƙara." Sai da na kai bakin ƙofa. La'ilaha illallahu! Ga lambu, ga furanni, ga rana tana ratsa ganye ta zuba a kan 'yar hanya, har na ji kamar sanyi ya taɓa ni.

Na gyara murya na ce dama na ga alamar haka, aikin amana ne yake son bincike.

Tanko ya saɓa garwarsa, ya ce, "Ni ma ja da baya ka dube ni, Malam Sule. Shekara tara hancinka na jikina, ba ka ga mutum ba."