Akuyar Kande a Zaman Godiya

Ɗakin kakata ba shi da faɗi. Idan sanyi ya shigo bayan girbi, sai ta hura wuta a tsakiyarsa da karan dawa da 'yan ƙirare, mu matso kusa har gwiwa na gugar gwiwa. Inna muke kiranta, domin ita ta riƙe mu, ni da yayana Bala, tun da mahaifiyarmu ta rasu. Mahaifiyarmu ita ce 'yarta ta fari, kuma ban taɓa jin Inna ta ambaci sunanta ba, tana raye ko bayan ranta. Haka al'ada take, uwa tana kunyar ɗan fari.

Ƙauyenmu yana gefen Dingaya, a ƙasar Gwaram. A wancan zamani, da magariba ta yi ake jawo ƙaya a toshe ƙofar gari saboda maharan da ke saukowa daga duwatsun kudu, don haka yara ba sa daɗewa a dandali. Hirarmu duk a ɗakin Inna take. Takan tura gurjiya cikin toka, ta jawo taskirarta ta kaɗi, ta shafa alli a yatsu, sannan ta dube mu.

"Mai jin barci ya yi tun yanzu. Ba na son a bar ni ni kaɗai a tsakiyar labari."

"Idonmu biyu, tsohuwa," in ji Bala.

"Kai da ka fi kowa minshari? Mijin banza, ko itace ba ka iya yo wa matarka ba."

Tana da tatsuniyoyin gizo da na kura kamar kowace kaka. Amma wanda muka fi roƙonta shi ne labarin zaman godiya, wanda ta ce ta gani da idonta tana amarya.

Idan hatsi ya shiga rumbu, matan gari sukan taru a gidan liman wata ranar Alhamis bayan la'asar, kowace da audugarta da mazarinta. Matar liman, wadda kowa ke kira Goggo, ita ke buɗe zaman da addu'a. Daga nan duk wadda ta ga dama sai ta miƙe tsaye ta faɗi abin da Allah Ya yi mata a shekarar. In ta gama, mata su amsa baki ɗaya, "Mun shaida." Sai an ce mata haka take zama. Wadda ta zauna ba a ce mata mun shaida ba, za a ce ta yi wa Allah butulci, kuma ko a bakin rijiya sai ta ga ana janye tulu in ta iso. Ba a tilasta kowa ta tashi. Amma wadda aka yi wa rashi a shekarar, ita kowa ke kallo, a ga ko ta karɓi ƙaddara.

Inna ta iya kwaikwayon mutane, kuma nan ne muke shan dariya. Ta ce da Goggo ta shafa addu'a sai wuri ya yi tsit, ba mai son fara tashi.

"Tsakar gida cike da mata, amma zaren kowa ya tsinke a lokaci guda. Kowa ta sunkuya tana ƙullawa. Zaren da ba abin da ya same shi!"

Akwai wadda za ta miƙe ta gode wa Allah da Ya ba ta haƙurin zama da maƙwabciyar da kajinta ke cinye mata shanya, alhali maƙwabciyar tana zaune a gabanta. Akwai wadda za ta tsayar da 'yarta ƙarama tana raɗa mata abin faɗa a kunne, yarinyar ta juyo ta ce da ƙarfi, "Me kika ce in ce?" Akwai wadda godiyarta duk a kan sabon zanenta take, tana juyawa don a ga baya. Su kuwa na zaune kowa da dabararta. Wata ta cika baki da goro don kada dariya ta ƙwace mata. Wata ta ƙura wa mazari ido kamar yau ta fara ganinsa. Mai goyo ta mintsini jaririnta, ya tsala kuka, ta samu hanyar fita. Wadda ba ta da goyo ta ari na maƙwabciya. In abin ya yi yawa, Goggo tana da nata magani. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Ku yi wa Annabi salati!" Kafin a gama salatin, maganar mai tsayuwa ta yanke, a ce mun shaida, ta zauna ba tare da an kunyata ta ba.

Ba wadda aka fi yi wa salati kamar Kande. Kowace shekara sai ta tashi, kuma kowace shekara labarinta ɗaya ne, akuyarta. Akuyar ta 'yarta ce ta fari, wadda ta rasu tana budurwa, Kande ta ci gaba da kiwonta. Inna takan faɗi wannan da sauri ta wuce, mu ma ba ma tsayawa a kansa, don mun ƙosa a zo wurin dariya. Sai Inna ta maƙale murya ta zama Kande.

"To 'yan'uwa, kun dai san akuyar nan."

"Mun san ta, Kande."

"Amma ba ku san abin da ta yi mini ran kasuwa ba."

Daga nan sai tabarmar da ta ci, da tagwayen da ta haifa, da tarin da ta yi da damina, da irin harawar da take so da wadda ba ta so. Da an ga Kande tana gyara ɗaurin zane za ta miƙe, jarirai sukan fara kuka tun ba ta buɗe baki ba.

Idan Inna ta zo nan, takan ajiye mazari ta gyara wutar.

A wata shekara mahara suka ɗauke ɗan wata mata mai suna Tasalla. Yana gona yana korar tsuntsaye suka tafi da shi, ba a ƙara jin labarinsa ba. Ran zaman godiya Tasalla ta zo ta zauna a bakin rumbu. An yi godiya kaɗan, sai ta miƙe. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta rufe, ta sake buɗewa. Tana nan tsaye, hannayenta a sake.

"Duk dabarunmu na mai yawan magana ne," in ji Inna. "Ba wadda ta tanadi dabarar mai shiru."

Goggo ba ta iya kiran salati ba, don salati magana yake yankewa, Tasalla kuwa ba ta fara ba. Ba a iya cewa mun shaida ba, don ba a ji abin da za a shaida ba, kuma ba a yin ƙarya a gidan liman. In Tasalla ta zauna a haka, ta zauna da sunan butulu a kan rashin da ta yi. Mata suka sunkuya a kan zare. Wata ta mintsini ɗanta ta fice. Inuwar rumbu ta matsa, Tasalla tana tsaye.

Sai Kande ta gyara ɗaurin zane ta miƙe.

"Kande, akwai mai tsayuwa," in ji Goggo a hankali.

"Na gan ta, Goggo. Filin ya ishe mu mu biyu."

Ta je ta tsaya kusa da Tasalla, kafaɗa da kafaɗa, ta ce, "To 'yan'uwa, kun dai san akuyar nan." Ba wadda ta amsa. Ta kawo tabarma, ta kawo tagwaye, ta kawo tari. Idanun mata suka bar Tasalla suka koma kanta. Har ta iso ranar da akuyar ta faɗa tsohuwar rijiya a farkon bazara, maza suna tsaye suna shawara, wani yaro ya tuɓe riga ya sauka da igiya ya ɗaure ta aka jawo.

"Tasalla, ɗanki ne ya shiga rijiyar nan, ko na yi ƙarya?"

"Shi ne."

"Ya fito duk laka, yana dariya. To ke da kika haifi wannan yaro, me za ki ce?"

Tasalla ta ce, "Alhamdu lillahi."

Inna ta ce ba ta taɓa jin an faɗi mun shaida da ƙarfi irin na ranar ba. Su biyun suka zauna a tabarma ɗaya.

Bala kullum tambayarsa ɗaya ce. "Akuyar fa, Inna?"

"Ta tsufa ta mutu. Kande ta koma ba da labarin 'yar akuyar. Na sauke kayana, ku tono gurjiyarku kafin ta ƙone."

Mu kwanta muna kwaikwayon muryar Kande a cikin mayafi.

Inna ta rasu ina gab da aure. Bala ya bi fatake, tun ana jin labarinsa har aka daina. Ni kuma aka kai ni Yalwan Damai, a ƙasar Birnin Kudu, na tarar su ma suna yin wannan zama bayan girbi, da mazari da salati da komai. Na yi shekaru ina zuwa. Na tsinke zarena, na ari goyo, na cika bakina da goro kamar kowa. Mai gidana ya rasu da daɗewa, ya bar ni da 'ya ɗaya, ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe. Na yi kunyarta kamar yadda aka koya mini. Ban kira sunanta ba, ban yabe ta a gaban mutane ba. "Yarinyar nan" nake cewa.

Daminar bana, gero yana fitar da kai, zazzaɓi ya kama ta. Bai daɗe ba. Masu ta'aziyya suka zo, suka fi zama wurin ƙanwar ubanta, ita ce ta yi kuka a fili. Ni na zauna ina amsa gaisuwa, ina cewa sai haƙuri. Abin da ta bari a ɗakina shi ne tabarmarta da wata kaza wake-wake da take kiwo.

Da ranar zaman ta zo, na yi wanka na tafi. Na san ni ake kallo. Na bari mutum kaɗan suka yi, sannan na miƙe.

Na kwana ina shirya abin da zan faɗa, kalmomi kaɗan masu kyau. Da na tsaya sai kalmomin suka tafi. Sunan yarinyar nan ne kawai a bakina, shi kuwa ba zan iya faɗa ba. Na ga zare yana tsinkewa a hannun matan da na sani shekara da shekaru. Na ga wata ta kai goro baki. Can baya jariri ya tsala kuka, na san abin da aka yi masa. Ban ji haushinsu ba, ni ma na yi wa wasu. Na duba dama, na duba hagu, ko akwai mai gyara ɗaurin zane. Babu. Mutanen kirki ne, amma ba su da Kande.

Sai na ji bakina ya ce, "'Yan'uwa, akwai wata kaza a gidana."

Na gaya musu yadda take zuwa bakin ƙofa da asuba tana jiran tsaki, a daidai wurin da aka saba zuba mata. Na gaya musu ta ƙi akurki, sai a gefen tabarmar nan take yin ƙwai. Na faɗi yadda ta yi kwanci, da yadda shaho ya ɗauki ɗan tsako ɗaya, ta bi shi da gudu har bakin danga tana kuka, ta dawo ta tattara sauran. Na daɗe ina magana, na sani. Na ji wata yarinya ta raɗa wa ta kusa da ita, "Yau mun shiga uku da kaza." Ban tsaya ba. Tun ranar da aka fita da yarinyar nan daga gidana, ban samu inda zan yi maganarta ba sai a nan, kuma ba wadda za ta ce na yi rashin kunya.

Matar liman ta ɗaga murya. "Ku yi wa Annabi salati!"

Aka yi. Na ce alhamdu lillahi. Suka ce mun shaida. Na zauna.

Da ina yarinya na ɗauka Kande wawiya ce da Allah Ya ba ta sa'ar yin abin kirki rana ɗaya. Yanzu na san kowace shekara ita kaɗai take tsayawa a tsakar gidan nan da 'yarta a baki, mata suna ara wa juna goyo don su guje mata. Shi ya sa da ta ga Tasalla ta gane ta, ba ta jira an kira ta ba. Ina kuma tuna yadda Inna take saurin wuce wurin nan na 'yar fari, idonta a kan wuta. Duk sanyin da ya zo sai ta ba mu labarin nan, ko mun roƙa ko ba mu roƙa ba. Mu 'ya'yan 'yarta muna gabanta muna dariya, ba wanda ya taɓa tambayarta dalili.

Sanyi ya shigo. Da magariba nakan hura wuta, in tura gurjiya cikin toka, ko da yake ba mai tono sai ni. Kazar tana gefen tabarma, ta sake yin kwanci. Baɗi, in Allah Ya kai mu, zan sake tashi. Za su kira salati, ba komai. Amma kafin in buɗe baki zan duba tsakar gidan da kyau, ko akwai wadda ke tsaye hannayenta a sake.