Ranar da Na Ƙaryata Yayana a Gaban Likita

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku. Tun kafin azumin bara ban sake sa komai a shafin nan ba. Wasu sun ce aure na yi, wasu sun ce na bar gudu. Ba ko ɗaya. Jinya na yi, kuma ni zan faɗi sunan ciwona kafin 'yan gulma su raɗa masa nasu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rukayya, 'yar Ƙofar Dumi, 'yar tsere. Sanƙarau ya tafi da jina tun ina ƙarama. Ina maganar hannu, ina karanta leɓe. Ina da murya, amma tun da yaran layinmu suka riƙa kwaikwayona na daina buɗe baki a gaban baƙi.

Abin ya faro ne a wata gasar share fage da aka haɗa ni da masu ji. An yi alkawarin ɗaga mini tuta idan an busa usur. Aka busa, mai tuta yana can yana hira. Ina durƙushe kan layi, sai bayan abokan tserena na hango. Wani ya ɗauka a waya ya watsa.

Ban ji dariyar ba, amma na ga haƙora.

Daga nan barci ya ƙaura. Abinci ya koma kamar ƙasa a bakina. In na ga takalman guduna sai ƙirjina ya hau bugawa, tafin hannuna ya jiƙe. Umma, mahaifiyata, ta ce shawara ce, aka jiƙa saiƙo. A kemis aka ce taifot. Na sha allurai, ba sauƙi.

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi gwajin zuciya, aka duba ciki. Komai lafiya lau. Kuɗin gwaji kaɗai sai da Yaya Auwal, babban wana, ya jinginar da babur ɗinsa. Ni kuwa kunya ta ƙara rufe ni: an kashe dukiya, an ce ba abin da ke damuna.

Wata likita ce ta dube ni da kyau ta tura mu sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Umma ta ce, "Can kuma? Da wanne za a ji, kurumta ko hauka?" Amma ta ɗauki mayafinta.

Asibitin ba mai fassarar maganar hannu, don haka Yaya ne bakina. Likitan sashen ya ce in faɗi abin da nake ji. Na tattara ƙarfina na nuna wa Yaya da hannu cewa tunanin mutuwa ba ya barina, har na fara jin tsoron kaina.

Na zuba wa leɓensa ido. Ga abin da ya ce: "Likita, ta ce tana yawan gajiya."

Likita ya sunkuya zai rubuta.

Na buga tebur. Muryar nan da na binne shekara da shekaru, ita na tono. Ban san yadda ta fito ba, na dai ga wata nas ta waiwayo daga bakin ƙofa. Na ce, "Ba haka na ce ba! Mutuwa nake tunani!"

Likita ya ajiye biro, ya sauke takunkumin fuskarsa, ya juyo da kujera saitina. A hankali ya ce, "Na ji ki, Rukayya. Wannan ciwon damuwa ne mai tsanani. Ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ana warkewa."

A baranda na tarar da Yaya yana kuka. Da hannu ya ce mini, "Bakina ne ya ƙi ɗauka. Ta yaya zan faɗi wannan a kan ƙanwata?" Ban riƙe shi a zuciya ba. So ne, amma son nan ya kusa kai ni kabari.

Aka kwantar da ni. Umma ta shimfiɗa tabarma a gindin gadona. Da safe awon jini da magani, da hantsi zagayen likitoci. Duk wanda ya zo da baki a rufe sai in nuna masa takunkumin, ba na amsawa sai ya sauke. Maganin ya sa ni jiri da bushewar baki, na so in watsar. Likita ya ce sai an yi makonni kafin ya kama jiki, na daure.

Da aka sallame ni, sai zaman tattaunawa da likita. Na ce ba na son ɗan gida ya fassara. Malama Rifkatu, wadda ta koyar da ni a makarantar kurame, ita ta riƙa hawo keke napep daga Gwallameji, ko sisi ba ta karɓa. Sharaɗinta ɗaya: "Duk abin da hannunki ya faɗa, shi bakina zai faɗa, ko da zagi ne."

Sannu a hankali barci ya dawo. Ranar da na cinye tuwo na nemi ƙari, Umma ta yi sujada a tsakar gida. Bayan babbar salla na koma fili. Zagayen farko na yi amai. Washegari na dawo.

Har yanzu ina shan magani, ba na kuma ɓoyewa.

Alhamdulillahi. Umma, Yaya Auwal, Malama Rifkatu, likitana da nas-nas ɗin da suka koyi gaisuwar hannu saboda ni, Allah ya biya ku.

'Yan'uwana 'yan wasa masu nakasa, an saba ce mana jarumai, har mun ɗauka ba mu da izinin karyewa. In barci da ci sun gudu, gwaji kuma ya ce lafiya, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa. Kada ku yanke magani da kanku. Tunanin mutuwa in ya zo, a ranar za a faɗa, ba gobe ba. Kurma kuma ya tafi da mai fassarar da ba zai tausasa masa magana ba. Ku yi addu'a, ku sha magani, ba sa faɗa da juna.

Na samu labarin a unguwa an yi mini sabon suna, wai mahaukaciya. Madalla. Duk Asabar da safe ina fili. Mai son ganin mahaukaciya ya zo, amma ya ɗauro takalmin gudu, don ba zan tsaya jiransa ba.