Zinariya a Lambun Albasa

Sunan Mai Guduma ya bi shi tun yana saurayi, lokacin da kamfani na farko ya zo neman zinariya a tudun da ke bayan garinsu. Ba shi da sana'a a lokacin, sai ƙafa da baki. Masanan duwatsu suka ɗauke shi yana riƙe musu guduma da buhunan dutse, yana nuna musu hanya, yana kuma ba su labaran da ba su tambaya ba.

Tudun ba wani abin kallo ba ne. Baƙin dutse ne mai ɓarewa falle-falle, sai wata jijiya ta farin dutse da ta ratsa shi, wani wuri ta yi kauri kamar cinyar sa, wani wuri ta sirance kamar zare. A cikin farin dutsen zinariyar take, ƙwaya-ƙwaya, musamman inda ya yi tsatsa. Mutanen da sun haƙa ramuka a kanta, sun ci rabonsu, sun bar wa jemagu wurin.

Kamfanin farko ya yanka dogayen ramuka a gicciye, ya bi jijiyar har gindin tudun. A nan ta ɓace ɓat kamar an sa wuƙa. Masanan suka ce ƙasa ce ta taɓa tsagewa a wurin tun kafin a yi mutane, ɓangare ɗaya ya zame ya tafi da ragowar jijiyar, ba wanda ya san inda ya kai ta. Suka naɗe tantunansu suka tafi.

Kamfani na biyu ya same shi da mata da 'ya'ya. Su da injin haƙa suka zo, mai zaro dutse mulmule kamar sandar rake, a jera a akwatuna, a shafa wa kowanne lamba da jan fenti. Wata rana wani rami, maimakon zinariya, ya yi ambaliyar ruwa garai-garai. Masanan suka yi tsaki suka toshe shi da siminti. Abin ya zauna wa Mai Guduma a rai.

Dalili kuwa, matarsa na da lambun albasa a gefen rafi, can nesa da tudun, rafin kuma da rani ya yi nisa sai ya ƙafe. Kullum tana yi masa mitar rijiya. Shi kuma, da yake ba ya shiri da diga, ya yanke mata hukunci cewa ruwan wurin yana can ƙasa mai nisa, sai dai inji. Ai shi ya yi aiki da masana. Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Furfura ta cika masa kai lokacin da kamfani na uku ya iso. Shugabar masanansu wata matashiya ce mai fara'a, kowa na kiranta Injiniya. Ta ɗauke shi jagora saboda ba wanda ya kai shi sanin tsofaffin ramukan.

Da rana tsaka, mutane na hutawa, sai ya riƙa kora jakinsa zuwa tsibin farin dutsen da kamfani na biyu ya bari, ya yi lodi, ya kai lambun ya binne rabi-rabi a bayan kunyoyi. Matarsa ta tambaya, ya ce don kada ruwan sama ya zaizaye ƙasa ne. Ta dube shi sama da ƙasa, domin ba ta taɓa ganin ya ɗaga abu mai nauyi babu wanda ya sa shi ba.

Da shirin ya kammala, ya ce wa Injiniya akwai hanyar yanke ta gefen rafi. Suna tsakiyar lambun ya yi tuntuɓe na gangan, ya riƙe yatsa yana salati. Ta sunkuya ta zaro dutsen, ta juya shi, ta goge da babban yatsa.

"Baba, wannan dutsen ai ya yi makaranta," in ji ta. "Dubi, har lamba gare shi."

Jan fentin na nan raɗau. Mai Guduma ya yi gyaran murya ya ce wataƙila ruwa ne ya gangaro da shi. Ta nuna masa sawun kofato a ƙasa, ta ce lallai ruwan nan ƙafa huɗu gare shi. Ganin ba mafita, ya gaya mata gaskiya: rami ɗaya kawai yake so su haƙa, idan ruwa ya fito a manta da toshe shi.

Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta zauna a kan wani faffaɗan dutse da matarsa ke wasa fartanya a kai. Tana share hawaye, idonta ya sauka a tsakanin ƙafafunta. Ta miƙa hannu ya ba ta guduma, ta fasa gefen dutsen. Cikinsa duk tsatsa ne, da farin zare ya ratsa shi. Jijiyar da kamfanoni biyu suka nema suka rasa, ashe a nan tsagewar ta ajiye ta.

Kafin wata ya mutu an kewaye rabin lambun da waya, an tuge albasar da ta fara yin kai, inji na ruri a wurin. Matarsa ta daina yi masa magana. Idan ta ajiye masa abinci sai ta gaya wa kyanwa cewa a sanar da masani.

Nan Mai Guduma ya juya akala. Ya je ya rantse wa Injiniya cewa faffaɗan dutsen ma shi ya kawo. Ta tambaye shi ko jakin nasa giwa ne, tunda injin ya yi nisa a ƙasa har yanzu cikin dutsen yake. Ya koma wajen masu haƙa ya ce musu wurin matattarar macizai ce. Suka gode masa, suka sayo dogayen takalma.

Injin ba ya aiki sai da ruwa, don haka tanka ke kawowa kullum, abin da ya malalo ya bi gangare. Matar ta ɗauki fartanya ta ja masa hanya zuwa sauran kunyoyinta. A ranin nan ta yi albasar da ba ta taɓa yin irinta ba, kowace kamar dunƙulen hannu. Ramukan kuwa duk ƙamas suka fito, ko danshi babu.

Zinariyar ma ba ta yi abin kirki ba. Tana nan, amma ta sirance, sai an daka dutse lodin babbar mota guda kafin a samu na ɗan kunne. Injiniya ta zo sallama, ta ce a tarihin wurin nan ba wanda ya taɓa gano jijiya da ƙarya sai shi. Ya ji daɗin maganar ƙwarai, har ya nemi ta maimaita a gaban matarsa.

Da aka cire wayar, mijin 'yarsu, wani makaniki marar yawan magana, ya zo da abokansa biyu da diga da shebur, suka kama haƙa a ƙasan lambun. Mai Guduma ya shimfiɗa buhu a inuwa yana gaya musu wahalar banza suke yi. Ramin bai kai tsayin mutum uku ba ƙasa ta fara laushi, washegari ruwa ya taru har gwiwa.

Ya tashi da sandarsa ya leƙa, ya daɗe yana gyaɗa kai. Sannan ya gaya wa maƙwabtan da suka taru cewa dama tun farko nan ya nuna wa yaran. Surukin ya sunkuyar da kai don kunya. Matar ta miƙa wa mijinta guga, ta ce tunda shi ya nuna, sai ya fara ja.