Yayana Mai Takalma da Harajin Tsallake

Yayana bai taɓa kwana da marin wani a kumatunsa ba. Tun muna yara haka yake. In ka taka shi da safe, ko da kuskure ne, to ka saurari naka kafin rana ta take. Innarmu har ta gaji da ba maƙwabta haƙuri, ta koma cewa, "Ku dai ku daina taɓa shi." Ni ce ƙanwar da ke bi masa, ni na fi kowa shan ramuwar nan, saboda haka in na ba da labarinsa ba jita-jita nake yi ba.

Sana'arsa takalmi. Shagon Babanmu ya gada a layin masu fata, ɗaki ciki da waje. A na ciki kekunan ɗinki suke, da dogon teburin da gam ya bushe a kansa har ya yi ɓawo, da ƙafafun katako rataye a bango, tun daga ta jariri har wadda za ka rantse ta raƙumi ce. Ni ina zama a na waje, ina goge takalman da aka gama ina jera su a kwali. Warin gam kuwa ya bi jikinmu, har mijina kan ce da ya ji warin ya san na shigo unguwa. Yaya na da hannu, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Ɗinkinsa ba ya karkacewa, fata ba ta yi masa gardama. Shagon nan shi ne Yaya. Da shi ya yi aure, da shi ya aurar da ni, a cikinsa yake cin abinci, a cikinsa yake faɗa.

Ga yadda aikin yake. Saman takalmi namu ne, fatar nan aka jeme ta, nan muke yanka mu ɗinka. Amma sol, wato ƙasan takalmin, da gam daga tsallake suke zuwa, ƙasar da muke iyaka da ita, don su ke da masana'antar. Kuma yawancin takalman da muka gama can ake sayar da su. Mota ɗaya ce ke wannan zirga-zirga, ta wani tsoho mai giɓi da kowa ke kira Direba. Ya tafi da kwalayen takalma, ya dawo da buhunan sol da gwangwanayen gam. Haka muka taso muka tarar.

Kwatsam sai aka ji a rediyo gwamnatin tsallake ta ɗora haraji mai nauyi a kan takalman da ke shiga ƙasarsu, wai don su kare masu sana'arsu. Babban mai sayen kayanmu a can, wanda muke kira Mai Kanti, ya bugo waya yana ta ba da haƙuri. Ya ce da sabon kuɗin fito takalminmu ya fi ƙarfin talakansu, sai dai a rage abin da ake aiko masa. Yaya ya ajiye waya idonsa jawur. Na san wannan idon.

Shi ya tara masu takalma na layin gaba ɗaya a ƙofar shagonmu. Ya hau benci ya ce an mare mu, kuma ƙasar da ba ta rama mari ba ƙasa ba ce, gidan marayu ne. A je a gaya wa gwamnati, duk abin da ya fito daga tsallake a ɗora masa haraji, a ninka musu. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Mutane suka ɗauki tafi.

Direba na gefe yana sakace. Da tafin ya lafa ya ce, "Mai Takalma, motar nan tawa in ta kai kayanku, da me take dawowa?"

"Baba, mun sani," in ji Yaya.

"To ku ce a rama, amma ban da sol da gam."

"Ban da? Da zarar ka ce ban da, sun gane kana tsoro. Wanda ya shiga dambe ba ya cewa kar a taɓa masa hanci. Kwana kaɗan za su durƙusa, ka zuba ido."

Direba ya tofar da tsinkensa ya ce shi dai abin da ya sani, faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Wani ya ce tsufa ke damunsa, aka yi dariya aka watse.

Suka yi ayari har ƙofar ma'aikatar ciniki, Yaya a gaba. Ba su kaɗai ba ne, ashe masu sabulu da masu tayal duk sun kai kukansu. Aka nuna Yaya a talabijin yana kaɗa yatsa, matarsa ta kira maƙwabta su zo su gani. Gwamnatin da ba ta taɓa jin kukanmu a kan wuta ko hanya ba, wannan karon sai ta ji da wuri. Aka sanar da ramuwa a kan dukkan kayan tsallake, babu togiya. Ranar Yaya ya saya wa kowa lemo a shago.

Murnar ba ta kai ko'ina ba. Zuwan Direba na gaba, sol ɗin da ya iya fitarwa daga kwastam bai cika bayan motar ba, kuɗinsa kuwa ya kusa kamo na takalmin kansa. Mutanen tsallake ba su durƙusa ba, ƙarawa ma suka yi. Namu suka ƙara. Mu da ke tsakiya, kaya ba sa fita, kayan aiki ba sa shigowa. Wallahi ban taɓa jin haushi irin na lokacin ba, na rasa wa zan zaga, su ko namu ko yayana.

Bai zauna ba, in faɗi gaskiya. Ya sayo tsofaffin tayoyin mota ya yanka sol da su. Takalmin ya yi ƙarko amma ya yi muni, mai zuwa ofis ba ya sa shi. Ya gwada wani gam da ake haɗawa a nan bayan kasuwa. Rana na dukansa takalmi ya buɗe baki. Wani malamin makaranta ya dawo da nasa a leda, ya ajiye a kan tebur, ya juya ya tafi. Da ya yi zagi ma da ya fi sauƙi. Yaya ya daɗe yana kallon ledar, sannan ya shige ciki. Tun da nake ban taɓa ganin an dawo masa da aiki ba sai ranar.

Ma'aikata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya koma tuƙa babur, wani ya koma ƙauye. Rediyo kullum ana cewa an kafa kwamiti, ana tattaunawa, za a nemo wasu kasuwanni a nesa. Wace kasuwa? Mu da ko hanyar tashar jirgin ruwa ba mu sani ba. Mutanen layi da suka yi wa Yaya tafi suka koma wucewa ba gaisuwa. Na ji da kunnena wata tana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na fito na ce mata ai ruwan bai bar rufinku ba, amma a raina na san ba ƙarya ta yi ba.

Ana haka Mai Kanti ya sake bugowa. Ya ce tunda takalminmu ya daina shiga, ya buɗe nasa wurin ɗinki. Sol da gam a ƙofarsa suke, fata kuma ɗanya yake saye, abin da ya rasa hannu ne. Yana so Yaya ya zo ya koya wa mutanensa, zai ba shi ɗaki da albashi. Yaya ya ce masa gara ya yi bara. Ya kashe wayar ya jefa ta cikin kwandon yanke-yanken fata.

Bara dai bai yi ba. Matarsa ta haihu, babbar 'yarsa ta zauna gida ba makaranta, kekuna suka fara tsatsa. Wata safiya ya same ni ina shara a shagon da ba kowa. Ya tsaya ya kasa haɗa ido da ni.

"Ƙanwata, riƙe makullin nan. In an tambaya ki ce na je neman magani."

"Yaya, maganin me?"

"Ke dai ki faɗa haka. Ki riƙa sa wa kekunan mai. Rikicin nan na ƙarewa zan dawo mu buɗe."

Na riƙe. Kullum na zo na share, na sa mai, na juya ƙafar keke don kar ta ƙage. Mijina ya ce na zama mai gadin kabari, na ce ya kama bakinsa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Yaya na can tsallake wurin Mai Kanti, yana aiko wa iyalinsa abin da ya samu, amma ba ya son doguwar hira a waya.

Rannan da hantsi ina cikin shagon sai rediyon maƙwabcinmu ya ce shugabannin biyu sun gana, sun rungumi juna, an janye haraji duka ɓangarorin. Na yar da tsintsiya. Nan take na kira Yaya a waya. Ta bayansa ina jin ƙarar kekuna da yawa, ba irin namu masu ƙafa ba, masu wuta.

"Yaya, ka ji? An janye! Ka taho, komai na nan yadda ka bar shi."



"Na ji," ya ce. "In na dawo, wa zan sayar wa? Na riga na koya musu. Sun iya, ƙanwata, har sun fi ni sauri. Jiya ma Mai Kanti ke cewa ƙarshen wata zai sallame ni."

Na ce, "To ka taho gida mana."

Ya ce, "Ki nemi mai sayen kekunan."